Tafintan Kotun Sinja

Tsohuwar kotun Sinja tana nan tsaye,
jan bulo, rufin kwano duk ya yi tsatsa,
ta ba kasuwa baya, ta fuskanci kogi
kamar gyatumar da ta gaji da jin gulma.

Turawa suka sa aka gina ta, in ji manya,
amma kawunan da suka ɗauki bulon namu ne,
matafiya hajji da guzuri ya ƙare musu
tun ba su hango Bahar Maliya ba.
Suka ce a yi damina ɗaya a wuce.
Damina ta haifi damina,
har jikoki suka fara mafarki da Larabci.

A nan kakana Tanimu ya ci tuwonsa,
shekara talatin da ɗaya yana tafinta,
tsaye tsakanin teburin alƙali da bencin talaka,
ba shi da kujera, ba shi da hatimi,
harshe kawai, da rawani mai kyau guda ɗaya.
Ƙarƙashin darbejiya masu rubuta ƙara suna jira,
tawada a kwalba, sisi biyu shafi,
mai shayi tana fifita gawayi tana saurare,
ta riga kowa sanin wanda zai kwana a gidan yari.

Ya ba ni labarin ranar Jatau Mai Albasa.
Wani tajiri ya zo da takarda mai tambari
a kan fadamar da Jatau ya sare da hannunsa.
Alƙali Dafa'allah ya ce, a tambaye shi, ƙasar tasa ce?
Tsoho ya dubi ƙasa, ya dubi rufi,
ya ce, ƙasa ta Allah ce, ni baƙo ne.

Kakana ya ce a nan yawunsa ya ƙafe.
In ya juya ta yadda take, gona ta tafi,
magatakarda zai rubuta baƙo, a rufe littafi.
Sai ya gyara murya, ya ce da Larabci:
ya ce shekara arba'in yana nomanta,
kuma ya binne 'ya'ya biyu a gefenta.
Ba ƙarya ba ce. Amma ba ita aka faɗa ba.

Fanka tana juyi a sama tana ƙiƙi-ƙaƙa.
Alƙali ya daɗe yana goge tabarau.
Jatau ya koma da gonarsa.

Sai ranar da alƙalin zai bar aiki,
bayan an sha lemo an yi addu'a,
ya kama hannun kakana a bakin ƙofa,
ya raɗa masa da Hausa tsantsa, irin ta Mai Wurno:
Tanimu, dukanmu baƙi ne.
Ashe matar da ta goye shi Bahaushiya ce.
Kakana ya ce bai taɓa jin kunya mai daɗi irin wannan ba.

Yanzu shari'a ta koma sabon bene can wajen tasha.
Nan kuwa buhunan riɗi ne har rufi,
sikeli yana zaune inda alƙali yake zama,
shi ma dai awo yake yi.
Takardun da ambaliya ta bari, gara ta karanta su,
ta yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara.
Jemagu na sauraren juna a ɗakin shaidu.

Jiya na je sayen mudu biyu.
Na tsaya daidai inda siminti ya lotsa,
gefen hagu, taku uku daga teburin,
sawun mutumin da bai taɓa zama ba.
Yaron awo ya tambaye ni da Larabci me nake nema.
Na buɗe baki in amsa,
sai harsuna biyu suka tsaya a maƙogwarona,
kowanne na jiran ɗan'uwansa ya fara.